Yadda zaki haɗa abin hannu, sarƙa da ɗan kunne da duwatsun kwalba a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Abin hannu na farko da na taɓa haɗawa ko kwana uku bai yi ba ya tsinke, kuma a gidan biki ya tsinke, a hannun ƙanwata da na yi wa shi kyauta, tana miƙa hannu zata karɓi farantin abinci sai kawai muka ji duwatsu na zuba a siminti yara suna bi suna tsinta. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai, don duwatsun masu kyau ne, shuɗi mai ruwan kwalba da fari, na daɗe ina zaɓensu a kasuwa. Duwatsun ba su da laifi, zaren da na saka ne ya yi siriri kuma ƙullin da na yi irin na ɗaurin leda ne. Tun daga ranar na gane cewa a wannan sana'ar abin da ido baya gani shi ne yake riƙe da kayan, wato zare da ƙulli da maƙalin baya, shi yasa a nan zaki ga na fi daɗewa a kansu fiye da maganar kala da ado.

Fara sanin dutsen tukunna

Idan kika shiga kasuwa, ko Kurmi ce ta Kano wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake ciniki a cikinta, ko Sabon Gari, ko babbar kasuwar Kaduna, ko ta Maraɗi da Damagaram, zaki tarar da duwatsu a rataye igiya igiya suna ƙyalli, kuma da yawansu roba ce ba kwalba ba. Ba wai roba haramun bace, tana da nata amfanin musamman a kayan yara, amma kada ki biya kuɗin kwalba a baki roba. Ki ɗauki igiyar ki ji nauyinta a tafin hannu, kwalba tana da nauyi. Ki ɗora ta a kumatu ko a bayan hannu, kwalba zaki ji sanyinta ko da rana ake, roba kuwa ɗumin wurin take ɗauka. Ki ɗan kaɗa ƙwaya biyu su bugi juna, kwalba tana da ƙara siririya mai kaifi, ta roba a dakushe take. Sannan ki duba jikin ƙwayar da kyau, ta roba sau da yawa zaki ga wani ɗan layi ya zagaye ta inda aka haɗa ɓari biyu wajen zubi.

Cikin na kwalbar ma iri iri ne. Akwai masu fuska fuska da aka yanka suna walƙiya waɗanda 'yan kasuwa ke kira kiristal, akwai masu santsi zagayayyu, akwai ƙanana kamar ƙwayar gero da ake ce wa san bid, akwai lu'ulu'un kwalba wanda cikinsa kwalba ce aka shafe bayanta da fenti mai sheƙi, sannan akwai masu lafaffen baya marasa huda, su liƙa su ake yi ba zurawa ba. Yawancin abin da ke kasuwanninmu daga Chana yake zuwa. Na Japan irin su Miyuki da Toho da na ƙasar Cek irin Preciosa sun fi daidaito, kowace ƙwaya kamar 'yar uwarta, amma sun fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, mai koyo bata buƙatarsu tukunna.

Ni dai waɗanda suka fi kwanta min a rai su ne na gida. A Bida ta jihar Neja akwai unguwar Masaga, Nufawa masu aikin kwalba da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, suna narka tsofaffin kwalabe a wuta su naɗa narkakkiyar kwalbar a jikin sandar ƙarfe ta zama dutse ko awarwaro. Shi yasa hudar dutsen Bida take da faɗi, kuma ba zaki samu guda biyu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari ba, wannan kuma shi ne kyansu. A Ghana kuma mutanen Krobo dakan kwalbar suke ta zama gari su zuba a 'yan ramukan yumɓu, su soka ɗan karan ganyen rogo a tsakiya, idan aka gasa karan ya ƙone sai ya bar huda. Nasu ba sa ƙyalli, jikinsu da ɗan kaushi kamar an barbaɗa sukari, kuma duk ranar Alhamis ana cin kasuwarsu a Koforidua. Idan Allah ya haɗa ki da irin waɗannan ki saya ko guda biyar ne, ƙwaya ɗaya a tsakiyar sarƙa ta isa ta canza kamanninta gaba ɗaya.

Abu biyu ki gwada kafin ki sayi da yawa. Na farko kala: ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a ƙwaya ɗaya da ƙarfi, ko ki ɗan kankare ta da farce kusa da huda. Idan kalar a cikin kwalbar take babu abin da zai fita, idan kuwa shafe ce zaki ga ta biyo ƙyallen ko ta ɓantare, irin wannan da zufa da turare sun taɓa ta wata ɗaya ya isa ta koma fara fat. Na biyu bakin huda: ki shafa da yatsa, in kin ji kaifi to wannan ƙwayar ita ce zata dinga cin zarenki a hankali har ya tsinke, ki ware ta gefe.

Girman dutse da milimita ake faɗa. Ki riƙe 4 da 6 da 8, su ne zaki fi amfani da su. San bid kuma in an rubuta lamba irin 6/0 ko 8/0 ko 11/0 a leda, lissafin a juye yake, iya girman lambar iya ƙanƙantar ƙwayar, 6/0 wajen milimita 4 ne, 11/0 kuma wajen milimita 2.

Kayan aiki

Ba sai kin kashe kuɗi da yawa ba. Filaya uku ne: mai zagayayyen baki ta lanƙwasa waya, mai lafaffen baki ta matsewa da riƙewa, sai mai yanka. Dan Allah kada ki yanka waya da almakashin ɗinkinki, zai dakushe. Ki duba filaya mai lafaffen bakin ta zama cikinta sumul babu haƙora, mai haƙora tana karce ƙarfe.

Zare kuma kowane aiki da nasa. Zaren roba mai miƙewa na abin hannu ne, mai kaurin milimita 0.8 shi ne tsaka tsaki da zai ɗauki dutse mai milimita 6 zuwa 8, 0.5 na san bid ne kawai, 1.0 kuma na manya masu nauyi irin na Bida. Sarƙa kuma da taiga tel ake yinta, wata siririyar wayar ƙarfe ce da aka murɗa aka rufe da roba, ki nemi mai kaurin milimita 0.38 ko 0.45. Fishin layin, wato zaren fatsa, yana da kyau wajen saƙar san bid amma ni bana son sa a sarƙa mai nauyi, bakin kwalba na cinsa kuma in ya daɗe yana bushewa.

Sai 'yan ƙananan ƙarafa: sitofa, wasu 'yan ƙwayoyin ƙarfe ne masu laushi da ake matsewa su riƙe waya, da ƙananan zobba masu tsaga na haɗa abu da abu, da huk na bayan sarƙa, da ƙugiyar ɗan kunne, da fil mai kai irin wanda ake zura dutsen ɗan kunne a jiki. A nan ne nake roƙonki kada ki bi araha. Ƙarfe mai arha shi ne yake baƙi cikin sati biyu, ya bar kore a wuya, wasu matan ma kunnensu ya yi ta ƙaiƙayi yana ruwa saboda sinadarin nikel da ke ciki. Ki tambayi na sitenles, ya ɗan fi tsada amma baya tsatsa, mu da muke alwala sau biyar a rana hannunmu kullum cikin ruwa wannan ba ƙaramin abu bane.

Gam kuma, ki je wajen masu gyaran waya ko masu sayar musu da kaya ki ce a baki B-7000, wanda suke liƙa gilashin waya da shi. Yana da siririn baki kamar allura, yana bushewa garau, kuma ko ya bushe yana da ɗan laushi. Sufa gulu kam ki nisanta shi da wannan aikin, yana sa zaren roba ya ƙandare ya karye a daidai ƙullin, kuma yana barin wani farin hazo a jikin kwalba mai wuyar fita.

Ki ƙara da tef ɗin awo na tela, da salatif, da tire, da ƙaramin tawul mai haske. Tawul ɗin ki shimfiɗa a cikin tiren, a kansa zaki dinga aiki don duwatsu kada su gangare. In da ƙananan yara a gidan ki bari sai sun yi barci ko ki rufe ƙofa, in kin gama ki share ƙasa tas, yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, wani ma ya tura a hanci.

Maganar kala a taƙaice

Ki ɗauko atamfar ko leshin da za a saka kayan da shi ki shimfiɗa, ki zaɓi kalar da ta fi ƙaranci a jikin zanen ba wadda ta fi yawa ba, ita zaki bi. In atamfa shuɗiya ce mai ɗigon ruwan goro, to ruwan goron zaki ɗauka, shi ne zai fito. Kala biyu da 'yar ruwan gwal ko ruwan azurfa a tsakani sun isa. Kuma da rana ake zaɓen kala a bakin taga ko tsakar gida, hasken ƙwan lantarki yana ruɗi, ruwan hanta sai ki ganshi kamar baƙi. Duk abin da zaki haɗa ki fara jera shi a kan tawul yadda kike so ya kasance kafin ƙwaya ɗaya ta shiga zare.

Abin hannu na roba, da shi ake fara koyo

Ki auna wuyan hannu da tef daidai inda agogo ke zama, kada ki matse. Abin da kika samu ki ƙara santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, in duwatsun manya ne ki ƙara biyun cikakku domin kaurin dutsen yana cinye wurin ta ciki. Misali hannu mai santimita 16 zai so abin hannu mai wajen 18, wato ƙwaya 22 ko 23 in masu milimita 8 ne, ko 30 in masu milimita 6 ne.

Ki yanko zaren roba wajen santimita 30, na san zaki ga kamar ɓarna ce amma sai da rara ake samun abin kamawa wajen ƙulli. Yanzu ga abin da ban sani ba ranar da na yi wa ƙanwata nata: kafin ki zura komai ki kama zaren da hannu biyu ki ja shi ki saki sau huɗu ko biyar. Sabon zaren roba yana saki bayan an fara sawa, in baki ja shi tun farko ba bayan kwana kaɗan zaki ga abin hannun ya yi sako sako ana hango zare tsakanin duwatsu. Daga nan ki manna salatif a ƙarshen gefe ɗaya don kada su zube ta baya, ki fara zurawa yadda kika jera. Ki tabbata ƙwayar farko ko ta ƙarshe mai faɗin huda ce, a cikinta zaki ɓoye ƙulli.

Kin gama zurawa, ki zagaya a hannu ki gani kafin ki ɗaure, ya kamata yatsa ɗaya ya iya shiga tsakaninsa da fata. Sai ƙulli. Ki cire salatif, ki ɗora bakin dama a kan na hagu ki zagaya sau ɗaya ki ja har duwatsun su haɗu babu gibi, amma ba har su tattare su miƙe tsaye ba. Sannan ki ɗora na hagu a kan na dama, wannan karon ki zagaya sau biyu kafin ki ja. Ki ja a hankali har ki ga zaren ya sirance a wurin ƙullin, sai ki saki bakunan ki kama abin hannun kansa ta gefe da gefen ƙullin ki ja, ki sake komawa bakunan ki ja, haka sau biyu ko uku, ƙullin zai ƙanƙance ya zauna daram. Ni nakan ƙara ƙulli ɗaya a kai don hankalina ya kwanta. Ki ɗiga gam ɗan mitsitsi kamar kan allura a kan ƙullin, ki yanke rarar ki bar kamar milimita 2, kada ki yanke dab da ƙulli, sai ki ja shi a hankali ya shige cikin ƙwayar nan mai faɗin huda tun gam ɗin bai bushe ba. Ki ajiye shi ya kwana, kada ɗoki ya sa ki saka a ranar.

Wajen sawa kuma mirgina shi ake a kan hannu, ba a buɗe shi da yatsu a ja kamar robar ɗaure kuɗi. Duk wadda kika ba ko kika sayar wa ki faɗa mata wannan.

Sarƙa da taiga tel

Ki fara yanke shawarar tsayi. Mai kama wuya santimita 38 zuwa 40 ce, wadda ke sauka kan ƙashin wuya 45, mai saukowa ƙirji 55 zuwa 60. Ki tuna huk da zobensa suna cin wajen santimita 2 a cikin wannan tsayin. Sarƙa mai 45 da duwatsu masu milimita 6 zata ci ƙwaya 70 da 'yan kai, don haka ki ƙirga abin da kike da shi tun kafin ki fara, babu abin takaici irin ki kai ƙarshe ki ga saura ƙwaya shida ki koma kasuwa ki tarar kalar ta ƙare.

Jerin sarƙa daga tsakiya ake fara shi a kan tawul, ki ajiye babban dutsen a tsakiya, duk abin da kika sa a dama ki sa irinsa a hagu, girman yana raguwa kina nufar baya. Bayan wuya ƙananan duwatsu masu santsi ake sawa, su ba sa damun fata kuma ba sa kama gashi.

Ki yanko waya ki ƙara santimita 10 a kan tsayin da kike so. Ki zura sitofa ɗaya, ki zura wayar ta zoben huk, ki dawo da bakin ta cikin sitofar nan, kinga an samu ɗan madauki kenan da huk a ciki. Ki ja madaukin ya ƙanƙance amma ki bar wa huk ɗin wurin motsi, in kika shaƙe shi wayar zata dinga lanƙwasa a wuri ɗaya har ta karye. Kafin ki matse ki duba wayoyi biyun da ke cikin sitofar su kwanta gefe da gefe, kada ɗaya ta hau kan ɗaya, in sun haɗe a giciye ƙarfen yana yanka su. Sai ki kama da filaya mai lafaffen baki ki matse sau ɗaya da ƙarfi ta baje. Ki ja da hannu ki gwada, ja na gaske, gara ta zame yanzu a hannunki da ta zame a wuyan amarya. In duwatsun masu nauyi ne sitofa biyu ake sawa a jere kowane gefe.

Bayan sitofa ki fara da ƙwayar san bid ko 'yar ƙwayar ƙarfe ɗaya don kada kwalba ta dinga gugar ƙarfen da aka matse, sannan ki ci gaba da zurawa, ƙwaya uku ko huɗu na farko su haɗiye har da guntun wayar da ya rage. Wannan guntun shi ne yake sukar wuya yana jan zaren mayafi in aka bar shi a waje, ni na taɓa ganin gyale mai tsada ya lalace saboda shi.

Gefe na biyu ya fi wuya, a nan masu koyo suka fi kuskure. Kin gama zurawa, kin sa sitofa, kin zura zoben da huk zai kama, kin dawo ta cikin sitofa da ƙwaya uku na ƙarshe. To kada ki matse sarƙar tana miƙe. Ki lanƙwasa ta ta yi zagaye kamar tana wuya tukunna, sannan ki ja rarar wayar har gibi ya rufe, sannan ki matse. Wadda aka matse a miƙe in an zo sawa zaki ga ta ƙage bata kwanciya a jiki, kuma duwatsun suna danne juna har bakinsu ya ɓantare. Ki yanke rarar dab da ƙwayar da ta fito.

Zobe mai tsaga kuma ba a buɗe shi ta hanyar ja gefe da gefe, in kika yi haka ba zai sake komawa zagaye ba. Ki kama kowane gefen tsagar da filaya, hannu ɗaya ya yo wajenki ɗaya ya yi gaba, kamar kina murɗawa, ki saka abin da zaki saka ki murɗo shi ya dawo har ki ji bakunan sun gogi juna.

Ɗan kunne

Wannan minti goma ne in hannu ya saba. Ki zura duwatsu a fil mai kai, ƙarami a ƙasa in hudar babban tana da faɗi don kada ya zame, biyu ko uku sun isa, kwalba na da nauyi kuma kunne na gajiya. Daidai saman dutsen ƙarshe ki lanƙwasa fil ɗin ya kwanta gefe, da yatsa ko da bakin filaya amma kada filayar ta danni kwalbar, tana fashewa. Ki yanke ki bar wajen santimita ɗaya, kuma lokacin yankan ki dafe guntun da yatsa don yana tsalle yana iya faɗawa ido. Sai ki kama can ƙarshen da filaya mai zagayayyen baki ki naɗe shi ya dawo ya zama ɗan zobe a saman dutsen, ki buɗe shi ta gefe irin yadda na faɗa, ki rataya a ƙugiyar kunne ki rufe.

Ki yi ɗigo da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, a bakin filayar inda kika kama, don na biyun ya fito daidai da na farko. Kuma ki dinga yin biyun tare, mataki ɗaya a wannan mataki ɗaya a wancan. Zoben farko da na biyu da na goma ma ba lallai su yi kyau ba, ki sayi fil mai arha leda ɗaya ki yi ta gwaji a kansa.

Duwatsu masu lafaffen baya, da dabarar ƙyallen anko

Wannan shi ne aikin da na fi so kuma shi mutane suka fi tambaya. Ana sayar da farar kwalba garau mai tudu a sama lafaffiya a ƙasa, da ɗan farantin ƙarfe da take zama a ciki, mai faɗin milimita 12 na ɗan kunne da zobe, 20 ko 25 na abin da ake ratayawa a sarƙa. Lambar kwalbar da ta farantin dole su zama ɗaya, ki gwada a gaban mai kaya.

Ki karɓo guntayen atamfar anko wajen tela, ki wanke ɗan ƙyallen sitacin ya fita, ya bushe ki goge shi. Ki dinga ɗora kwalbar a wurare daban daban a jikin zanen har ki samu inda furen ko ɗigon ya fito da kyau, don tudun kwalbar yana ƙara wa zane girma. Ki goge bayan kwalbar da sifirit, ki ɗiga gam a tsakiya, ki kifa a kan fuskar ƙyallen ki danna daga tsakiya kina ɗan juyawa har gam ya bazu ko'ina kumfar iska ta fita ta gefe. Ki leƙa ta sama, duk inda kika ga wani ɗan fari fari to iska ce, ki ƙara dannawa. Gam yakan sa wasu atamfofin su ɗan yi duhu, shi yasa ake fara gwada guda ɗaya. Ki bar shi ya kwana, washegari ki zagaye da ƙaramin almakashi dab da bakin kwalbar, ki shafa gam kaɗan a cikin farantin ki zaunar da ita, ki ɗora wani abu mai ɗan nauyi ko ki kama da abin shanya ya sake kwana. Ranar biki sai ki ga ɗan kunne da zobe da atamfa duk abu ɗaya.

In babu atamfa jan farce ma yana yi. Ki shafa mai ƙyalƙyali a bayan kwalbar ya bushe, ki bi da mai duhu sau biyu a kai, ta gaba zaki ganshi kamar wani dutse mai tsada. Sai dai ki bar shi ya yini ya kwana kafin gam ya taɓa shi, in ba haka ba yana narkar da fentin. Masu kala da suka zo da azurfa a baya kuma kai tsaye ake liƙa su, ki kiyaye kada ki karce bayan don shi ke dawo da haske. Duk aikin gam da jan farce ki yi shi inda iska ke shiga, warin yana sa ciwon kai.

Jigida

Ita da san bid 6/0 ko 8/0 masu santsi ake yi, kada ki sa kiristal mai kaifin fuska don a kan fata take kwana take tashi. Zaren nailan mai ƙarfi riɓi biyu ya fi, kuma ƙulli ya fi huk tunda da ita ake wanka. Ki auna a tsaye ki kuma auna a zaune, ki bi wanda ya fi yawa.

Kula da kaya da kuma lissafi

Turare shi ne babban abokin gabar waɗannan kayan, musamman na fesawa da humra, suna cinye shafen lu'ulu'un kwalba su dusashe ƙarfe. A gama shafa mai, a fesa turare, a yi turaren wuta in za a yi, sannan a saka sarƙa daga ƙarshe, in an dawo ita ake fara cirewa. A goge da busasshen ƙyalle mai laushi, kowace a 'yar ledarta don kwalba na karce kwalba. Sarƙar taiga tel kada a tattare ta a cusa a jaka, in wayar ta karye kwana bata miƙewa, a naɗe ta zagaye.

In kina so ki mayar da abin sana'a to ki koyi ƙirga kuɗin ƙwaya ɗaya. A ce kin sayi igiya naira 1,500 kuma ƙwaya 60 ce a jiki, kowace ta tashi naira 25 kenan, abin hannu mai ƙwaya 23 ya ci 575 a duwatsu kawai. Ki ɗora zare da gam da ƙarafa da leda da kuɗin adaidaita da kika kashe zuwa kasuwa, da waɗanda kika ware saboda kaifin huda don su ma kuɗi kika saya, sannan ki ɗora ladan zamanki. Mata da yawa wannan na ƙarshen suke mantawa, sai su yi ta aiki jari na narkewa. Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta awon hannu da wuyan duk wadda kika yi wa, da girman dutsen da adadin ƙwayar da ta shiga, in ta dawo ba sai kin sake awo ba. Hoto kuma da safe ake ɗauka a inuwa a kan farin ƙyalle, in zaki sa a WhatsApp ki sa wanda kalarsa ta yi daidai da ta zahiri don kada a zo karɓa a ce ba shi bane.

Kafin kowane kaya ya bar hannuna sai na ja shi ta wajen huk da ƙarfi, na shafa yatsa a duk inda aka yanke waya, sannan ina da wani tsohon gyale mai laushi da na ajiye don wannan kawai, sai na bi da sarƙar ko ɗan kunnen a kansa gaba da baya, in ya kama zare ko ɗaya to akwai bakin waya a waje, sai na koma na nemo shi na danne da filaya kafin na saka a leda.